Rumman Da Lafiyar Magidanci

Yau da maza za ni yi magana, musamman magidanta waɗanda suka ba shekara 40 baya. Amma uwargida kada ki tashi, gama sau da yawa ke ce ki kan fara lura maigida ba shi da lafiya tun shi bai yarda ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen rumman shi ne tambaya ta yi yawa. Da wuya mako ya wuce wani bai ja ni gefe a bakin ɗakin shan magani ba, ya sassauta murya ya ce, "Malam, wai gaskiya ne rumman yana ƙara wa namiji ƙarfi?" Wani a waya ya gani, wani kuwa a bakin mai tallar magani ya ji ran kasuwa. Waɗansu an gaya musu yana maganin hawan jini, da ciwon nan da ke hana dattawa fitsari. To, ga amsa a taƙaice kafin in yi bayani. Rumman abinci ne mai kyau, wanda ya samu ya ci. Amma bai kai matsayin magani ba, ba ya kuwa ɗauke wa kowa zuwa awo a asibiti.

Asalinsa da abin da ke cikinsa

Sunan rumman daga Larabci muka aro shi. Malamai sun sani an ambace shi wuri 3 cikin Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman. Asalin itacen daga ƙasar Farisa ne, watau Iran, har zuwa arewacin Indiya. Yanzu ana nomansa da yawa a Indiya da Iran da Turkiyya da Masar, alhazai kuma sun san na Ɗa'ifa wanda a ke sayarwa a Makka. Manya jajayen nan da a kan gani wurin masu kayan marmari a Kano, da yawansu daga ƙasashen waje a ke kawo su, shi ya sa su ke da tsada.

Masana abinci sun auna 'ya'yansa. Cikin giram 100, watau rabin kofin shayi da ɗan ɗori, akwai sukari wajen giram 14. Akwai dusar abinci giram 4, ita ce abin nan da ciki ba ya narkarwa amma ta kan hana taurin bayan gida. Akwai fotasiyam miligiram 236, wanda zuciya da jijiyoyin jini ke bukata, da bitamin C miligiram 10. Har wa yau akwai waɗansu sinadarai masu ba shi ja da bauri, dangin waɗanda ke ba zoɓo launinsa, su ne masu bincike suka fi sa wa ido.

Duk wannan alheri ne. Amma ku lura da abu guda. Lemon zaƙi giram 100 yana da bitamin C fiye da miligiram 50, gwaiba kuwa ta haura 200. Ashe ke nan ta wannan fuska gwaibar da yara ke jifa a bayan gida ta ninka rumman sau 20.

Abin da gwaji ya nuna

Likitoci ba su kan yarda da magani don an yabe shi ba, sai sun gwada. Yadda a ke gwajin kuwa, a kan raba mutane kashi biyu, a ba waɗansu abin da a ke so a gwada, a ba sauran wani abu mai kama da shi wanda ba kome a cikinsa, ba wanda ya san abin da ya sha. Sa'an nan a auna a ga ko akwai bambanci. An yi wa rumman irin wannan gwaji a kan abubuwa ukun nan da ku ke tambaya.

Na farko, hawan jini. A 2017 masu bincike suka tattara gwaji 8 da aka yi da ruwan rumman, suka tarar lambar sama ta awon jini ta kan sauka da kamar 5, ta ƙasa kuma da kamar 2. Wannan taimako ne, ba a raina shi. Amma mu yi lissafi. Hawan jini ya kan fara daga 140 bisa 90. Mutumin da awonsa ya ke 170 bisa 100, in ya sha rumman ya koma 165 bisa 98, har yanzu yana bakin rami. Ƙwayar da likita ya rubuta masa ita ce za ta janye shi.

Na biyu, raunin namiji wajen iyali. A 2007 aka gwada maza 53 a Amurka masu wannan larura. Kowannensu ya sha ruwan rumman mako 4, ya kuma sha na bogi mako 4. Waɗanda suka ce sun ji sauƙi da rumman sun ɗan fi yawa, amma bambancin bai kai yadda za a rantse ba dace ba ne kawai.

Na uku, ciwon furostet. Furostet wani ɗan nama ne kamar ƙaramin goro, a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari, maza kaɗai ke da shi. In mutum ya manyanta ya kan kumbura ya matse hanya, wani lokaci kuma ciwon daji ya kan kama shi. A 2006 likitocin wata jami'a a birnin Los Anjalis suka ba maza 46 waɗanda aka yi wa aikin dajin furostet ruwan rumman kofi guda kullum, suka ga alamar ciwon cikin jini, wadda a ke kira PSA, ta rage saurin hawa. Labari ya bazu ko'ina cikin duniya. Amma a gwajin nan ba a ajiye kashi na biyu na kwatantawa ba. Da aka sake shi yadda ya kamata da maza 183, aka buga sakamako a 2015, sai aka ga waɗanda suka sha rumman ba su fi waɗanda suka sha na bogi ba. Masu talla sun riƙe labarin farko, na biyun ba su kan ambata shi ba.

Zancen har ya kai gaban shari'a. Wani kamfanin ruwan rumman a Amurka, POM Wonderful, ya yi ta talla cewa kayansa na maganin ciwon zuciya da dajin furostet da raunin namiji. A 2010 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta tuhume shi, a 2013 ta yanke cewa tallar yaudara ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin a 2015, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin a 2016. To, in babban kamfani mai kuɗin bincike ya kasa kawo hujja, ina ga mai kwalba da lasifika a bakin tasha?

Inda hatsarin ya ke

Ba rumman na ke jiye muku tsoro ba, jinkiri na ke tsoro. Bari in ba ku labarin wani manomi, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba. Shekarunsa sun ɗan wuce 50. Ya yi wajen shekara biyu yana fama da rauni wajen iyali, kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ya sha saiwoyi, ya sha kwalabe, daga baya ya sayar da akuya ya riƙa aike Kano ana sayo masa rumman. Ran da ya zo wurinmu ma ciwon kai ne ya kawo shi. Na ɗaura masa abin awo, na ga 180 bisa 110. Aka auna jininsa, ga sukari ya hau. Sai a sa'an nan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke damunsa tun farko.

Ga abin da ya kamata kowane magidanci ya sani. Ƙarfin namiji aikin jini ne. Jijiyoyin da ke kai jini ga gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka in hawan jini ko ciwon sukari ko taba sun fara ɓata jijiyoyi, sau da yawa can a kan fara gani. Watau raunin nan ɗan aike ne, ya zo ya gaya maka ka duba zuciyarka tun da sauran lokaci. Manomin nan Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya zo kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kama shan magani, ya rage gishiri, ya bar taba. Bai koma saurayi ba, amma yana nomansa, gidansa kuma lafiya. Na ga waɗansu da ba su zo ba sai a kan amalanke.

Kwalaben nan da a ke kira maganin maza kuwa, ku yi hattara da su. An sha kama irinsu an tarar an zuba musu maganin asibiti mai suna sildenafil a ɓoye, ba awo ba ƙa'ida. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar nan ta ciwon ƙirji wadda a kan sa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa su jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya, har ya rasa ransa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan kaya.

Iyayena dattawa da 'yan'uwana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, tafi asibiti:

1. Tashi fitsari sau da yawa da dare, ko fitsari ba ƙarfi, ko ɗigo bayan an gama.
2. Jini cikin fitsari. Ga masu su da masu noman rani a bakin dam ɗin Kazaure sau da yawa tsargiya ce, tana kuwa da magani. Amma ga dattijo tilas a bincika.
3. Ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari da rama.
4. Rauni wajen iyali wanda ya wuce 'yan watanni.
5. Fitsari ya tsaya cik. Wannan ba a kwana da shi.

Hawan jini kuwa galibi ba shi da alama ko kaɗan, don haka wanda ya kai 40 ya riƙa zuwa awo ko sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau. Ana awon jini a ƙananan asibitoci, akwai kuma Babban Asibitin Kazaure da na Babura. Abin da ya fi ƙarfinsu su kan tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse.

Yadda za a ci shi

Wanke hannu, ka wanke rumman. Yanke kansa, ka tsaga ɓawon wuri huɗu, ka ɓare shi cikin kwano mai ruwa mai tsabta. 'Ya'yan za su nutse, farin totuwar ya taso, sai ka kwashe. Tauna su duk da ƙwallon, gama a nan dusar ta ke. Cin 'ya'yan ya fi shan ruwan kwalba, domin kofi guda na ruwan yana da sukari kamar ƙaramin cokali 7, dusar kuwa an tace ta.

Mutum huɗu su yi shawara da likita tukuna: mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda wanda aka hana shi abinci mai fotasiyam, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai shan maganin hawan jini wanda ke so ya riƙa shan ruwan kullum. Kada kuwa kowa ya ajiye ƙwayarsa don ya sami rumman.

Saiwar itacen da ɓawon jikinsa, kada a jiƙa a sha. Mutanen da sun yi amfani da su wajen kashe tsila, amma akwai dafi a ciki, ya kan kawo amai da jiri da dushewar gani. Yanzu akwai maganin tsutsar ciki mai sauƙi a asibiti.

In babu rumman fa?

Ba ka yi asarar kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci kayan marmari da ganye giram 400 a yini, ba ta ce lalle sai wane iri ba. Muna da gwaiba da gwanda da mangwaro da kankana da lemo, kowane da lokacinsa. Muna da kanya da magarya da goruba da ɗinya. Muna da zogale da rama da tumatir. Kuɗin rumman guda na kanti ya isa sayen waɗannan na kwana da kwanaki. Hukumar ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A nan uwargida aikinki ne. Maigida kuma ya bar taba, ya riƙa taka ƙasa, ba ko ƙofar masallaci sai a kan babur ba.

Wanda ke sha'awar rumman, hanya mafi araha ita ce ya dasa nasa. Itace ne mai jure zafi da fari, ba ya ƙin ƙasa mai tsakuwa irin ta wajen Roni da Kazaure. A jigawa irin ta Babura sai a ƙara masa taki da ban ruwa. Nemi mai shi ya yanko maka reshe mai kaurin alƙalami, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka dasa da farkon damina inda rana ke samunsa, ruwa kuma ba ya kwanciya. Kusa da wurin alwala ya yi kyau. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wajen shekara 3 ya kan fara 'ya'ya. In ya ɗauka, ka riƙa ba shi ruwa a kai a kai, gama in ya sha ƙishi sa'an nan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan su kan fashe tun ba su nuna ba. Ran da ya nuna kuwa, kada maigida ya ɓoye shi a ɗaka wai na maza ne. Amfaninsa ga uwargida da yara daidai ya ke da naka.

To jama'a, a nan zan dakata. Wanda bai taɓa awon jini ba, ina roƙonsa ya je cikin makon nan, ya ja aboki guda su tafi tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gishiri da kanwa cikin abincinmu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Ku huta lafiya.