Ina Za Ka Kai Baƙonka?

Dogon hutun damina ya zo, gidaje a Kano sun cika da baƙi, abokai daga Damagaram, 'yan uwa daga Kaduna, kowa da 'ya'yansa. Abin da ke damuna shi ne, sai baƙo ya kwana bakwai bai ga komai ba sai falo da talabijin. In an yi masa gata, a kai shi kantin zamani ya sha sanyi.

Haba malam! Tashe shi da sassafe ku hau Dutsen Dala kafin rana ta ɗaga, ya ga birni shimfiɗe a gabansa, ka ba shi labarin Barbushe. In kun sauko, ku nufi marinar Ƙofar Mata. Nan nake so ku daɗe. Marini zai tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi kore-kore, da ya sha iska sai ya rikiɗe shuɗi a gaban idonku. Na sha ganin yara sun saki baki a wurin, har da manyan ma.

Gidan Makama na nan kusa da fada, haka Kasuwar Kurmi, dukansu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku riƙe lema dai, hadarin Agusta ba ya sallama. Da la'asar ku tsaya wajen mai gurasa, a barbaɗa wa gurasar baƙon ƙuli da yaji sosai.