Bunko: Laburaren Turanci Na Sa Kai Don Yara A Ƙasar Japan



Abin da wannan lacca za ta duba ƙarami ne a ido. Ɗaki ne guda a gidan wani, da kanta biyu ko uku na littattafan Turanci, da 'yan yara zaune a ƙasa, wata uwa tana karanta musu labari ba tare da ana biyanta ko kwabo ba. Wurin kuwa ƙasar Japan ne, inda Turanci ba harshen gida ba ne, ba kuma na kasuwa ko na ofis ba. Tambayar ita ce, mene ne irin wannan ɗaki yake yi wa yaro wanda makaranta ba ta yi masa, kuma a ina ƙarfinsa yake ƙarewa?

Japanawa suna kiran irin wannan ɗaki bunko, watau ƙaramin laburare da mutum ko 'yan unguwa suke buɗewa don yara. Al'adar ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da laburaren gwamnati suka yi ƙaranci, waɗanda ke akwai kuma ba su damu da yara sosai ba. A shekarar 1952 Hanako Muraoka, wata mai fassara littattafai, ta buɗe ɗaya a gidanta a birnin Tokyo don tunawa da ɗanta da ya rasu yana ƙarami. A 1958 Momoko Ishii, wadda ta fassara Winnie-the-Pooh zuwa Japananci, ta buɗe nata mai suna Katsura Bunko a unguwar Ogikubo. A 1965 ta wallafa littafi a kan abin da ta gani a ɗakin nan, mai suna Kodomo no Toshokan, ma'ana Laburaren Yara. Iyaye mata suka karanta, suka shiga buɗe nasu, har yawan bunko ya kai dubbai a faɗin ƙasar.

Waɗannan duka na Japananci ne. Na Turanci ya zo ne daga baya, kuma wata matsala ce ta haife shi. Da kamfanonin Japan suka bazu a duniya, sai suka riƙa tura ma'aikatansu London da New York da sauran birane tare da iyalinsu. Bayan shekara uku ko biyar a dawo da su gida, da yaran da suka yi wayo cikin Turanci. To, a wancan zamani ba a fara koyar da Turanci a makarantun gwamnati na Japan sai yaro ya shiga ƙaramar sakandare, yana da shekara 12 ko 13. (Sai a 2020 ne Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare.) Ke nan yarinyar da ta dawo tana da shekara bakwai za ta yi shekara biyar ba ta da wanda za ta yi Turanci da shi. Masu nazarin harshe kuwa sun daɗe da lura cewa ƙaramin yaro, kamar yadda yake saurin ɗaukar harshe, haka yake saurin zubar da shi, musamman idan bai riga ya iya karatu a cikinsa ba. Daɗin daɗawa, yaro ba ya son ya fita daban a cikin tsararsa. Yakan ɓoye Turancin da gangan don kada a yi masa dariya, daga ɓoyewa kuma sai mantuwa.

Wata Baturiyar Ingila da ke zaune a Tokyo, Opal Dunn, marubuciya a kan koyar da ƙananan yara Turanci, ita ta ga cewa maganin yana nan a hannun Japanawa da kansu. A 1977 ta buɗe bunko na Turanci don irin waɗannan yara, a 1979 kuma aka kafa ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da ICBA don haɗa kan irinsa. Daga baya aka juya dabarar: aka buɗe bunko na Japananci a Ingila don 'ya'yan Japanawa mazauna can.

Yadda ake tafiyar da irin wannan wuri shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Galibi akan haɗu ne a ranar da aka tsayar, na awa ɗaya ko biyu, a gidan wani ko a zauren unguwa. Yara su dawo da littattafan da suka ara, a karanta musu labari, a yi waƙa da wasa, sannan kowa ya zaɓi wanda zai tafi da shi. Iyaye ne ke karɓa-karɓar aikin. Wata ta riƙe littafin rajista, wata ta riƙe ɗan kuɗin da ake tarawa, wata ta zauna da gam da almakashi tana gyaran bangon da ya yage.

Babban gwaji yana zuwa ne daga iyayen kansu. Uban da ya ga ɗansa yana sauraron labarin zomo yakan so a kawo nahawu da rubutun shifta, don yana hangen jarrabawa. Mai kula da bunko da ya san aikinsa yakan ƙi, kuma yana da gaskiya. Ranar da ɗakin ya koma aji, ranar yaro zai fara neman dalilin ƙin zuwa. Abin da ke riƙe shi shi ne abin da ke riƙe yara a gaban mai tatsuniya da dare: son jin yadda za ta ƙare. A nan ne kawai yake samun wasu yara irinsa, waɗanda Turanci ba abin kunya ba ne a gabansu.

Zaɓen littafi ma ba wasa ba ne. Yaro mai shekara tara wanda Turancinsa ya tsaya a na ɗan shekara shida, idan aka ba shi littafin tsararsa ya fi ƙarfinsa, idan aka ba shi na ƙanana ya ji an raina shi. Samo littafin da harshensa ke da sauƙi amma labarinsa bai zama na jarirai ba, shi ne rabin aikin. Littattafan kuwa daga waje ake sayo su da tsada. Kyauta takan zo da yawa daga iyalan da za su bar gari, amma ba kowace kyauta ce ta cancanci kanta ba, kuma sai mai ƙarfin hali ne ke iya cewa an gode, ba a bukata.

Raunin bunko a fili yake. A kan mutum ɗaya ko biyu yake tsaye. Idan aka yi wa mijin mai gidan canjin wurin aiki, ko 'ya'yanta suka girma, ko ta gaji, sai a wayi gari littattafai suna cikin kwali. Ita kanta Momoko Ishii ta hango haka. Ta taɓa zagaya laburaren yara na Amurka da Kanada a tsakiyar shekarun 1950, kuma abin da take nema da littafinta na 1965 shi ne hukuma ta ɗauki nauyin gina laburaren yara da ƙwararrun ma'aikata, don ta san ɗaki ɗaya a gida ba zai wadatar da ƙasa ba. Masu karatu suka ɗauki labarin ɗakin, da yawansu suka wuce kiran da ta yi. Duk da haka ba a yi hasara ba, domin iyayen da suka buɗe bunko su ne daga baya suka yi ta matsa wa ƙananan hukumomi lamba a gina laburare a garuruwansu.

Ishii ta nemi wa nata ɗakin mafita tun tana da ƙarfi. A 1974 ita da Kyoko Matsuoka da Shigeko Tsuchiya suka haɗa bunko huɗu na gida suka kafa Laburaren Yara na Tokyo, wata cibiya mai zaman kanta da ke horar da masu karanta wa yara labari. Katsura Bunko ya shiga ƙarƙashinta, saboda haka da Ishii ta rasu a 2008, tana da shekara 101, ba a rufe ɗakin na Ogikubo ba.