Na'urar Gano Iskar Metan: Amanar da Ke Wuyan Mai Tsarawa



An nemi mu yi bayani a kan yadda ake tsara na'urar lantarki wadda za ta gano iskar metan, ta kuma auna yawanta. To, kafin mu taɓa waya ko batir, ya kamata mu san abokin gābar tukuna.

Metan iska ce marar launi, marar wari, ba ta kuma kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, saboda haka can sama take taruwa, ƙarƙashin rufi. Masanin nan na Italiya, Alessandro Volta, shi ya fara tara ta daga fadama a 1776. Tana fitowa daga ramin kwal da masai da juji. Ita ce kuma mafi rinjaye a cikin gas ɗin ƙasa, wanda aka fara shimfiɗa wa bututu daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. A 1913 ta kama da wuta a ramin kwal na Senghenydd, cikin ƙasar Wales, mutum 439 suka halaka.

Na'urar da za mu tsara sassa uku gare ta: hanci, da mizani, da baki.

Hancin shi ne wasu 'yan duwatsu biyu, kowanne kamar ƙwayar gero, da siririyar wayar filatinam a naɗe cikinsa. Lantarki yakan zafafa su har wajen digiri 500. Ɗaya an shafe shi da sinadarin da ke sa metan ta ƙone a jikinsa ba tare da harshen wuta ba, ɗayan kuwa an bar shi haka nan. Da metan ta iso, sai na farkon ya ƙara zafi, wayarsa ta ƙara turje wa lantarki. Wani zai ce, mene ne amfanin na biyun? Ai sanyin hunturu da zafin bazara su ma suna sāke turjiyar waya. Da yake duka biyun yanayi ɗaya ke dukansu, duk bambancin da ya bayyana tsakaninsu na metan ne kaɗai.

Mizanin shi ne tsarin da ake kira gadar Wheatstone, wanda Samuel Christie ya ƙago a 1833, Charles Wheatstone ya yayata shi a 1843. Ku ɗauke shi kamar sikelin mai awo. Duwatsun nan biyu suna jere a gefe guda, turjiya biyu sanannu suna ɗaya gefen, mu kuma muna auna bambancin ƙarfin lantarki a tsakiyar gefunan. A iska mai tsabta sikeli yana daidai, allura tana kan sifiri. Idan metan ta shigo sai ya rinjaya. Rinjayen kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka sai mun bi da shi ta amfilifaya kafin allura ko ƙaramar kwamfuta ta iya karanta shi.

Bakin shi ne ƙararrawa da jar fitila. Mukan sa su tashi tun metan tana kashi 1 cikin 100, watau ɗaya bisa biyar na inda hatsari yake farawa, domin mutane su sami sararin fita.

Jama'a, duk wannan ɗalibi mai ƙwazo zai harhaɗa shi cikin mako guda. Wuyar aikin ita ce a sa na'urar ta faɗi gaskiya. Dole mu saita ta da iska iri biyu: mai tsabta domin sifiri, da wadda aka san tana da metan kashi 2.5 cikin 100 domin tsakiyar ma'auni, a kuma riƙa maimaitawa a kai a kai. Tururin silikon da dalma da farar wuta sukan kashe sinadarin nan a hankali, allura ta zauna kan sifiri alhali kuwa ɗaki ya cika. Bugu da ƙari, ƙonewa sai da iskar oksijin, saboda haka idan metan ta yi yawa ainun allura takan komo ƙasa, kamar hatsari ya wuce. Maganinsa shi ne mu tsara ƙararrawar yadda in ta tashi ba za ta yi shiru ba sai mutum ya zo ya duba. Haka kuma in waya ta tsinke, ko batir ya yi sanyi, lalle na'urar ta yi kuka.

Kada mu manta, abu mai zafi muke kaiwa cikin iska mai kamawa. Wajibi ne a killace duwatsun da ragar ƙarfe mai hana wuta fita, dabarar da Humphry Davy ya yi wa fitilar masu haƙar kwal tun 1815. Sa'an nan a kafa na'urar sama, kusa da rufi. Gas ɗin girki na tukunya shi ne mai nauyi, mai kwanciya ƙasa, kada a rikita su.

Akwai hanci mai araha a kasuwa, na sinadarin kuza, irin wanda Naoyoshi Taguchi na Japan ya fito da shi a 1968. Ya isa koyo, amma hayaƙi da barasa da laima duk suna ruɗa shi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, wanda ba shi da na'ura yakan shiga rami da tsoro, yana taka-tsantsan. Wanda muka ba na'ura kuwa ya ajiye tsoronsa, ya dogara ga allurarmu. In ta yi masa ƙarya, alhakinsa yana wuyanmu, ko da mun ci jarrabawa da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya sa mu riƙe amana.