Tufafin Mujahidai

Tun ba a zare takobi a Gobir ba aka soma husuma a kan tufa, domin Sarki Nafata ya haramta wa jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo naɗa rawani, ya kuma hana matansu lulluɓi. Da aka gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, baraden Gobir suka zo cikin sulke da lifidi, alhali mujahidai galibinsu dakaru ne 'yan baka, ba baitulmalin da zai ɗinka musu ko taguwa, sai abin da ganima ta kawo. Lifidin nan kuwa auduga ce irin wadda Zamfara ke nomawa, mata suka gurje ta suka kaɗa, masaƙa suka saƙa, maɗinka suka cusa, kuma yana damuna ƙwarai yadda malaman tarihi ba su cika ambatonsu ba.