"Kun Gane?" "E, Malam!": Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamiti ya umarce ni da in yi ɗan bayani game da wasu na'urori da ake amfani da su a aji don malami ya ji amsar kowane ɗalibi a lokaci guda, tun da yake ana shawarar ko ƙungiyarmu ta sa kuɗinta a wannan fanni. Na karɓa da ladabi, ko da yake yin jawabi kan koyarwa a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami abu ne mai nauyi.

Dukkanmu mun san tambayar da ake rufe darasi da ita. Malam ya juyo daga allo ya ce, "Kun gane?" aji kuma ya amsa baki ɗaya, "E, Malam!" In ya jefo tambaya, yara uku ko huɗu na layin gaba su ne masu ɗaga hannu kullum, na baya kuwa su sunkuyar da kai suna addu'ar kada ido ya faɗo kansu. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a wajajen 1972 ta tarar yawancin malamai ba su jiran amsa fiye da daƙiƙa ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma kowa a ɗakin nan ya san ajin da ya ninka haka. Saboda haka malami ba ya sanin wanda aka bari a baya sai ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na'urar, wadda Turawa ke kira kilika, ba ta wuce girman rimot ɗin talabijin ba, tana da maɓallai A, B, C, D. Malam ya rubuta tambaya da amsoshi huɗu, kowane yaro ya latsa zaɓinsa, nan take kwamfuta ta nuna mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. Ba wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya latsa, don haka mai jin kunya da mai tsoron dariyar 'yan aji duk sun sami baki.

Wanda ya fi fito da amfanin wannan hanya shi ne Farfesa Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard. A farkon shekarun 1990 ya gwada ɗalibansa da tambayoyi masu sauƙin gani, ya tarar yaran da ke warware lissafi mai wuya ba su fahimci tushen abin ba. Bari in ba ku irin tambayar. Tirela ta yi karo da ƙaramar mota: wacce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Na ga wasu sun fara murmushi, kuma na san tirela suka zaɓa. To, dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake a ɓangarorin biyu. Ƙaramar motar ta fi lalacewa ne domin nauyinta kaɗan ne kuma jikinta bai kai na tirela ƙwari ba. Yaro yana iya haddace dokar ya rubuta ta a jarrabawa ba kuskure, alhali a zuciyarsa yana tare da tirela.

Ga yadda Mazur ya tsara abin. Kowa ya amsa shi kaɗai tukuna. In kusan kowa ya dace, a wuce. In kusan kowa ya faɗi, malam ya sake bayani ta wata hanya. In kuwa aji ya rabu, wato masu daidai suna tsakanin kashi 30 da 70 cikin ɗari, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya shawo kansa, minti biyu ko uku, sannan a sake amsawa. Galibi amsar daidai ce ke ƙaruwa, domin yaron da ya gane yanzu-yanzu yana tune da inda ya yi tuntuɓe, malam kuwa ya daɗe da mantawa. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon azuzuwan fiziks 62, ɗalibai fiye da 6,000. Inda ake lacca zalla, ɗalibai sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na abin da ba su sani ba da farko. Inda ake sa su amsawa da muhawara, kusan kashi 48.

Sai dai, jama'a, a lura da kyau: ba maɓalli ne ya kawo wannan bambanci ba. In tambayar ita ce "wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa," na'ura ba za ta ƙara wa kowa komai ba, 1914 ce ko an latsa ko ba a latsa ba. Aikin yana wajen tsara tambayar, yadda kowace amsa ta kuskure za ta tona irin ruɗanin da ke kan yaro. Haka nan in aka mai da ita abin kiran suna ko ba da maki, yara za su koma satar amsa, wani ma ya zo da na'urar abokinsa a aljihu.

Ra'ayina shi ne kada mu sayi kilika yanzu. Tana cin batir, tana buƙatar kwamfuta da wuta, mu kuwa har yau NEPA muke zagi, ko da yake sunan ya canja tun 2005. Akwai manhajar Plickers, inda kowane yaro ke riƙe katin takarda mai wani baƙin zane, ya juya gefen da ya zaɓa sama, malam ya haska wayarsa ta karance ajin duka. Waya ɗaya ke nan, ta malam. Ƙasa da wannan ma akwai kati huɗu masu haruffa, ko ɗan allo da alli a hannun kowane yaro, kuma mu da muka tashi da allo a cinya ba sai an koya mana ɗaga shi ba. Shi kansa Mazur ya yi aiki da ɗaga hannu da katuna.

Abin da nake roƙon kwamiti shi ne a buga katunan, a lulluɓe su da leda don su jure, a fara da aji ɗaya na lissafi da ɗaya na kimiyya har zango guda. Kaso mafi tsoka na kuɗin kuwa a kashe shi wajen zaman bita na malamai, inda iyayenmu da suka yi ritaya za su zauna da matasan malamai su tsara tambayoyin, domin su ne suka san kurakuran da yara ke maimaitawa shekara da shekaru. A ƙarshen zangon malaman biyu su zo su gaya mana abin da suka gani kafin mu ƙara ko kwabo.