NEWPORT: ABIN DA GINE-GINE SUKA ƁOYE, MAƘABARTA TA FAƊA



Yau muna so mu zaga da ku wani tsohon gari na bakin teku a ƙasar Amurka, watau Newport, a jihar Rhode Island. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1639, mutanen da saɓanin addini ya raba su da hukumar Massachusetts. Saboda haka tun farko garin ya yi suna wajen barin kowa ya yi ibadarsa yadda ya ga dama. Wannan suna gaskiya ne, amma ba shi ne ƙarshen labarin ba.

Bari mu fara daga tsakiyar gari, inda Colony House yake, wani gini na jan bulo da aka soma a 1739. Nan majalisar mulkin yankin take zama a zamanin da Sarkin Ingila ke da iko. Daga nan ne kuma aka karanta wa mutanen gari takardar shelar 'yancin kan Amurka a watan Yuli na 1776, takardar da ta ce daidai aka halicci mutane duka. Daura da shi akwai Brick Market, kasuwar da aka soma ginawa a 1762, wadda daga baya aka mai da ita gidan tarihi. Kaɗan gaba ga majami'ar Yahudawa ta Touro, wadda aka buɗe a 1763, babu majami'ar Yahudawa da ta girme ta a cikin waɗanda suka rage a Amurka. Ga jama'arta ne Shugaba George Washington ya rubuta wasiƙarsa ta 1790, yana tabbatar musu cewa sabuwar gwamnati ba za ta goyi bayan tsangwamar addini ba. In muka hau tudu sai mu iske ɗakin karatu na Redwood, wanda aka kafa a 1747. Mutum ɗaya ne, Peter Harrison, ya tsara kasuwar da majami'ar da ɗakin karatun.

To, jama'a, ɗan garin da bai kai mutum 10,000 ba a lokacin, ina ya samo kuɗin waɗannan gine-gine? Amsar tana bakin kwata. Jirage sukan kawo ruwan rake mai kauri, wanda ke saura bayan an fitar da sukari, daga tsibiran Karibiyan. A Newport ake dafa shi ya zama barasar da ake kira ram, har garin ya mallaki gidajen dafa ta fiye da 20. Sa'an nan a loda gangunan barasar a nufi gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Anomabu da Cape Coast a ƙasar da ta zama Gana, a yi musanyarta da mutane. A haye da su Karibiyan a sayar wa masu gonakin rake, a sake cika jirgin da ruwan rake a komo gida. Tsakanin 1709 da 1807 jiragen Rhode Island sun yi irin wannan tafiya fiye da sau 900, suka kwashe 'yan Afirka fiye da 100,000. Shi kansa Abraham Redwood, wanda ya ba da fam 500 aka sayi littattafan farko na ɗakin karatun nan, dukiyarsa daga gonar rake ta fito a tsibirin Antigua, inda bayi ke yi masa noma. Wajen 1755 kusan mutum ɗaya cikin biyar a Newport baƙar fata ne, galibinsu bayi.

Mai yawon buɗe ido yana iya gama kallon gine-ginen nan kaf bai ji ɗuriyar waɗannan mutane ba. Sai fa in ya gangara arewacin gari, tsohuwar maƙabartar jama'a, wani sashe da ake kira God's Little Acre. Nan aka binne 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, da duwatsun kabari ɗauke da sunayensu. A kan duwatsun za mu ga sunaye irin su Cuffe da Quash. Waɗannan Kofi ne da Kwasi na mutanen Akan, watau wanda aka haifa ran Juma'a da wanda aka haifa ran Lahadi, kamar yadda mu ma muke da Ɗanjuma da Ɗanladi. An raba su da ƙasa da dangi da harshe, amma sunan ranar haihuwa ya haye teku tare da su. Akwai dutse ɗaya na 1768 wanda wani bawa, Pompe Stevens, mai aiki a shagon sassaƙa duwatsu, ya sassaƙa wa ɗan'uwansa Cuffe Gibbs, ya kuma sa sunansa a jiki cewa shi ya yi aikin. Mutumin da doka ta lasafta cikin kadarorin wani, ga shi ya rubuta a dutse cewa yana da sana'a, yana kuma da ɗan'uwa.

Mutanen nan ba su tsaya ga kabari kaɗai ba. A 1780 'yantattu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar taimakon juna, Free African Union Society, domin riƙe rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da yi wa mamatansu sutura. Ɗaya daga cikin shugabanninta, Newport Gardner, malamin waƙa ne da aka kawo daga Afirka yana yaro. Da tsufansa ya shiga jirgi zuwa Laberiya, ya rasu can a 1826, ba da daɗewa da saukarsa ba.

Wani abin mamaki, talauci ne ya tsare wa garin tsofaffin gidajensa. Sojojin Ingila sun mamaye shi daga 1776 zuwa 1779, ciniki ya karye, mutane da yawa suka watse, ba a sami mai kuɗin rushe tsoho ya gina sabo ba. A 1968 Doris Duke ta kafa gidauniyar da ta saye gidaje masu yawa ta gyara su. Gyaran katako da bulo ya zo da sauri, faɗin gaskiyar yadda aka samo kuɗinsu shi ne ya ɗauki lokaci.

'Yan'uwa, ba mun kawo wannan labari don mu nuna wa wasu yatsa mu koma mu zauna ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ma an sayar da bayi a manyan kasuwanninmu, har da Kasuwar Kurmi ta Kano, kuma bayi sun yi noma a rumada da gandayen manya. A cikinmu nan akwai waɗanda gobe za a danƙa wa gidajen tarihi, da manhajar makarantu, da kasafin gyaran ganuwa. Ran da aka ce mu rubuta bayanin wani tsohon gini, mu rubuta sunan sarkin da ya yi umarni, amma mu tambaya su wane ne suka kwaɓa ƙasa, suka ɗauki tubali. In an san sunansu, mu rubuta. In ya ɓace, mu rubuta cewa an yi su.