Kyamara A Hannun Ɗalibi: Amanar Hoton Biki

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Karaye da Rogo da ke karatu a Jami'ar Bayero, Kano.



Malam Shugaban Taro, malamanmu masu daraja, yayyenmu ma'aikata da suka baro ofisoshinsu domin halartar wannan zama, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron, da suka ga ya dace a bai wa ƙaramin ɗalibi irina damar magana a gaban manya. An umarce ni in yi bayani a kan ɗaukar hoton biki, watau sana'ar nan da wasunmu suke haɗawa da karatu, su rataya kyamara ranar Juma'a su bi hanyar Gwarzo zuwa Karaye ko Rogo, ranar Litinin kuma da sassafe a gan su a aji. Ni ma ina cikin masu yin ta. Abin da nake so in tabbatar a wannan jawabi abu ɗaya ne: duk wanda abokinsa ya kira shi ya ɗauki hoton baikonsa ko ɗaurin aurensa, to amana aka damƙa masa, kuma nauyin amanar ya fi na kuɗin da za a biya shi.

Kafin in shiga maganar, ya kamata mu ɗan waiwayi asalin sana'ar, domin mu san darajar abin da muke riƙe da shi. A shekarar 1839 ne aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a ƙasar Faransa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ko wanda bai koyi sana'ar ba yana iya ɗaukar hoto da ita. A nan Nijeriya, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi hoto sana'a. Solomon Alonge ya buɗe situdiyonsa a birnin Benin a 1942. A Bamako ta ƙasar Mali kuwa, Seydou Keita ya buɗe nasa a 1948, sa'an nan Malick Sidibe ya biyo baya yana bin bukukuwan samari da 'yan mata da kyamararsa. Waɗannan mutane aikin neman abinci suke yi, kamar dai yadda muke yi. Amma yau hotunansu su ne shaidar yadda mutanen zamaninsu suka yi ado, suka yi aure, suka yi zumunci, har a 2007 aka bai wa Sidibe babbar lambar girma a bikin nuna fasaha na birnin Venice a Italiya. Ashe ke nan hoton biki tarihi ne, ko da mai ɗaukarsa bai sani ba.

To, mu dawo gida. A zamanin da iyayenmu suka yi aure, fim ake sa wa kyamara, kuma fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Mai hoto ba ya danna maɓalli sai ya tabbata kowa ya tsaya daidai, daga nan a kai fim ɗin birni a wanke, a jira kwanaki kafin a gani. Saboda haka gida da yawa hoto ɗaya tak suke da shi na ranar aure, yana cikin firam a jikin bango ko a ƙasan adaka. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya kuma aka sami wayoyi masu kyamara, sai al'amari ya juya. Yau a biki ɗaya ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kafin a shafa fatiha ta ƙarshe sun riga sun isa Legas da Jidda ta WhatsApp. Hoto ya yi araha, ya yi sauri, ya kuma yi wuyar tsarewa.

Me ya sa ake kiran ɗalibi, alhali ga situdiyo birjik a Kano? Dalili na farko sauƙin kuɗi ne, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, ɗauko mai hoto daga birni zuwa Zarewa ko Yammedi ya zama babban aiki. Dalili na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne yarda. Ango ya san ka tun kuna firamare, mahaifiyarsa ta san mahaifiyarka. Saboda haka ƙofar da za a rufe wa baƙo, kai sai a buɗe maka. Da yawa daga cikinmu sun kama sana'ar ne a lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas muna gida, abokai suna ta aure, kyamara kuwa tana hannu. Yanzu bari in rarraba amanar da ke cikin wannan yarda kashi huɗu.

Ta farko ita ce amanar sutura. Bikin Bahaushe yana da waje yana da ciki. Ɗaurin aure a masallaci ko a ƙofar gida ake yi, a gaban waliyyi da wakili da shaidu, a ambaci sadaki, a raba goro da alawa. Wannan dama don jama'a su shaida aka yi shi. Amma kai lefe da kamu da sa lalle da wunin biki da buɗar kai, waɗannan sha'anin cikin gida ne, inda matan aure suke sakin jiki domin sun san babu idon namiji. Wanda aka bari ya shiga nan da kyamara, lalle ne ya san cewa duk fuskar da ya ɗauka akwai mai ita, akwai mijinta, akwai iyayenta. Ba kowace mata da ta yi murmushi a tsakar gida ce ta yarda a ga murmushin a Facebook ba.

Nan ne ɗalibi yake tsaye tsakanin al'ada biyu. A harabar jami'a, hoton saurayi da budurwa kafin aure ya zama ruwan dare, har ana buga shi a katin gayyata. A ƙauyukanmu da yawa kuwa, uba zai iya jin kunyar fita majalisa idan aka nuna masa hoton 'yarsa tana jingine da wanda ba a riga an ɗaura musu aure ba. Bugu da ƙari, baiko alkawari ne, kuma kowa a nan ya san baikon da aka yi aka fasa. Idan aka fasa, ana mayar da kaya, ana mayar da kuɗi, amma hoton da ya shiga intanet babu mai iya mayar da shi. Yarinyar za ta auri wani, hoton yana nan yana yawo. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta wuyar mayarwa. Ko hukuma ma ta lura da nauyin irin wannan al'amari, domin a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta ƙasa. Saboda haka shawarata ita ce, kada mai hoto ya watsa ko guda ɗaya don tallar sana'arsa sai da izinin ango, da izinin amarya da bakinta. Wanda kuma ya ce ba ya so a ɗauke shi, a sauke kyamara a girmama shi, domin malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, kuma gidan biki ba wurin muhawara ba ne.

A nan nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai mata. Rabin biki a cikin gida yake, kuma ku ne kuka fi cancanta da ɗaukarsa. Kuna da abin koyi ga Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda tun daga 2015 ta shiga ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, har aikinta ya zaga duniya. Idan mace ce ke riƙe da kyamara ranar kamu, hankalin masu gida ya kwanta, kuɗin aikin kuma ya shiga jakar 'yar'uwarmu.

Ta biyu ita ce amanar gaskiya. Kwamfuta da waya sun ba mu ikon gyara hoto yadda muka ga dama. Ana wanke fatar amarya har kakarta ta kasa gane ta, ana share katangar ƙasa a sa bangon otal, ana yanke dattijon da rigarsa ta tsufa daga gefen hoto. Wanda ya yi haka ya gaya wa jikokin gidan ƙarya game da asalinsu. Kyawun hoto daga sanin haske yake fitowa. Alal misali, idan aka ɗaura aure da rana tsaka, fararen manyan riguna sukan ruɗi kyamara, ta rage haske, fuskoki su yi duhu. Maganin wannan shi ne a ja mutane inuwar bishiya ko ta zaure, a auna haske a kan fuska. A ɗakin amarya kuma, a zaunar da ita tana fuskantar ƙofa, hasken da ke shigowa ya wadatar, domin fitilar kyamara takan sa kayan jere su yi ta ƙyalli su cinye hoton. Lokacin hunturu a rufe gilashin kyamara saboda ƙura, a kuma tafi da batir biyu a cike, tun da ba a dogara da wutar lantarki a ƙauye.

Sa'an nan kada ido ya tsaya a kan ango da amarya kaɗai. A ɗauki kakar da ta zauna a kan tabarma tana sa albarka. A ɗauki matan da suka kwana a gindin murhu, da maroƙi yana shela, da yaran da suke wawar alawa, da motar da ta ɗauko gara. Masu son wuri mai kyan gani kuma ba sai sun je birni ba, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, ga gonakinmu lokacin kaka. Bayan shekara 30, hoton tsohuwar nan ne za a fi nema, domin a lokacin ƙasa ta rufe idonta.

Ta uku ita ce amanar ajiya. Abin mamaki ne a ce kakanninmu masu hoto ɗaya nasu yana nan, mu masu dubu namu yana salwanta. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko katin ajiya ya lalace. Saboda haka kowane aiki a ajiye shi wuri biyu tun daren da aka dawo. A zaɓi kamar guda 20 a wanke su a takarda a sa cikin albam, a rubuta a bayan kowanne sunayen mutanen da ke ciki, da sunan gari, da kwanan wata na Musulunci da na Bature. Hoton da ba suna a bayansa, bayan zuriya biyu ya zama hoton baƙi.

Ta huɗu ita ce amanar iyayen da suka turo mu nan. Bukukuwa a ƙasarmu sun fi yawa bayan an kawar da amfanin gona, da kuma gab da azumi, kuma sau da yawa sukan faɗo daidai lokacin jarrabawa. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Wanda ya karɓi aikin biki uku a makon jarrabawa, ko dai ya ci amanar ango ko ya ci ta mahaifinsa da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta. A duba jadawalin karatu kafin a amsa gayyata, in ba hali a tura wani ɗan'uwa. Haka kuma a yanke kuɗin aiki tun kafin ranar, a faɗi adadin hotuna da ranar da za a kawo su. Abota da yawa ta lalace saboda an ji nauyin yin ciniki a farko, aka zo ana ƙorafi a ƙarshe. Wanda ya yi niyyar aikin ya zama gudummawarsa, ya faɗa a fili. Wanda kuma ya karɓi kuɗi, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Waɗannan ƙa'idoji ba su tsaya a gidan biki ba, har cikin harabar makaranta suna aiki. Wannan jami'a ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma duk wanda ya taɓa ganin hotunan ɗaliban farko ya san daɗin da ke cikin kallonsu. Mu ma za a nemi namu. A ɗauki layin shiga mota, da ɗakin karatu daren jarrabawa, da zaɓen shugabannin ɗalibai, da ranar bikin yaye. Amma ɗalibin da barci ya sace a aji, ko ɗalibar da ke cin abinci ba ta sani ba, ɗaukarsu don a yi dariya a waya cin mutunci ne, ba gwaninta ba.

A ƙarshe, Malam Shugaba, ina da roƙo biyu. Ga yayyenmu ma'aikata, idan sha'ani ya tashi ku tuna da ƙannenku masu kyamara, ku biya su hakkinsu, domin da shi wasu suke sayen littafi. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, idan an yi hutu kowa ya koma garinsu, ko Kafin Dabga ne, ko Turawa, ko Beli, ko Fulatan, ya roƙi dattawan gidansu su fito da tsofaffin hotuna. Ya kwafe su da izininsu, ya zauna ya tambayi sunan kowa da ke ciki ya rubuta, tun masu sanin sunayen suna raye. Idan muka yi haka shekara biyu ko uku, za mu tara wa Karaye da Rogo abin da babu wani baƙo da zai zo ya tara mana.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a karatunmu da sana'armu, ya ba waɗanda suka yi aure zaman lafiya, waɗanda ba su yi ba kuma ya kawo lokacin cikin sauƙi.